Muhawara: Idan murfin jirgin yaƙi ya ƙi buɗewa, me ya rage wa matuƙi?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da malamaina na wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Akwai wani al'amari da ya tsaya mini a rai kwana biyu, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gindin jiragen sama, shi ya sa na kawo shi nan. A watan Afrilun 2006, a sansanin sojin saman Amurka na Langley, wani matuƙi ya shiga jirgin F-22, sai murfin gilashin da ke rufe mazauninsa ya kulle ya ƙi buɗewa. Jirgin yana ƙasa, ko tashi bai yi ba, amma bawan Allah nan ya zauna kimanin awa biyar a ciki. Injiniyoyi suka yi iya dabararsu abu ya faskara, sai da 'yan kwana-kwana suka yanka murfin da zarto sannan ya fito. Abin da nake tambaya shi ne, ina kujerar nan mai cilla matuƙi waje da ake ta ba mu labari? Kuma da a ce wuta ta tashi a jirgin a cikin waɗannan awanni, da me zai ceci kansa?

Tsohon Makaniken Jirgi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma ka fara daga inda ya kamata, domin yawancin mutane kujerar kawai suke gani, su manta cewa kafin kujera ta fita sai an samar mata ƙofa. Dalilin da ya sa matuƙin bai ja hannun kujera ba a fili yake: babu wuta, babu hayaƙi, iska tana shiga, mutane suna kewaye da shi. Cilla kai waje ba abin wasa ba ne, roka ce ake kunna wa mutum a ƙarƙashin mazauninsa, kuma ba a yin haka sai idan zama a ciki ya fi fita haɗari. Da wuta ta tashi, akwai hanyar tumɓuke murfin da ƙarfin nakiya, ba ta hanyar injin da ke ɗaga shi kullum ba.

Hanyoyi uku ne aka saba bi wajen kawar da murfi. Ta farko, a cillar da shi gaba ɗaya: ƙananan harsasai su saki ƙugiyoyin da suka riƙe shi, wasu ƙananan rokoki ko wani abin tunkuɗa su ɗaga shi, iska ta ƙarasa tafiya da shi. Jiragen F-16 da F-22 haka suke, domin murfinsu na wata roba ce mai kauri da ake kira polikabonet, wadda aka yi don ta jure karo da tsuntsu a tsananin gudu. Abin da ungulu ba ta fasa ba, kan ɗan Adam ba zai fasa ba, saboda haka dole murfin ya tafi tukuna kafin kujera ta motsa. Hanya ta biyu ita ce siririyar igiyar nakiya da ake manna wa a jikin murfin. Duk wanda ya taɓa duba jirgin Hawk ko Harrier da kyau zai ga wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a saman kan matuƙi, wanda wasu ke ɗauka wayar rediyo ce. Ita ce igiyar, kuma cikin ƙiftawar ido take tarwatsa murfin kafin kujera ta iso. An fi buƙatarta a jirgi irin Harrier da ke iya tsayawa cak a sama, inda babu iskar gudu da za ta ɗauke murfin idan an sake shi. Ta uku ita ce ƙahonnin ƙarfe da ake sa wa a saman kujerar, su riga kan matuƙi isa murfin su huda shi, idan murfin na robar akirilik ne mai saurin fashewa.

Sannan akwai ɗan abin da ba a cika zancensa ba, kuma ni shi na fi ƙauna. Wata gajeriyar wuƙa ce mai nauyin ƙota, bakinta bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ana soke ta a gefen mazaunin matuƙi a jirage irin su T-38 da F-5. Ba a yi ta don yanka ba, an yi ta don sara. Matuƙi zai riƙe ta hannu bibbiyu, ya saka nauyin jikinsa ya dinga dukan murfin daga ƙasa zuwa sama har ya tsage, ya buɗe ramin da kafaɗarsa za ta wuce. Ba ta buƙatar batir, ba ta buƙatar kwamfuta, kuma kwanan watanta ba ya ƙarewa.

Malamin Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wuƙar da kuka ambata tana da kakanni. A yaƙin duniya na biyu, jirgin Spitfire na Ingila yana da wani guntun ƙarfen ɓanɓara da ake maƙalewa a jikin 'yar ƙofar da ke gefen hagu na matuƙi, don idan murfi ya cije a kan hanyarsa ya ɓanɓare shi. An koyi wannan darasi da tsada, domin a jirgin Hurricane akwai tankin mai a gaban matuƙi, kuma idan harsashi ya kunna shi, wutar fuska da hannuwa take fara ci, hannuwan da mutum zai buɗe murfi da su. Irin waɗannan matuƙa ne likita Archibald McIndoe ya dinga gyara wa fuska a asibitin East Grinstead.

Da jirage suka ƙara gudu sai fita da ƙafa ta gagara, domin iska tana danne mutum a kujera, idan kuma ya samu ya fita sai wutsiyar jirgin ta doke shi. Jamusawa ne suka fara amfani da kujera mai cillawa a halin gaggawa: a watan Janairun 1942 matuƙin gwaji Helmut Schenk ya fita daga jirgin Heinkel He 280 da kujerar da matsattsiyar iska ke tunkuɗawa. A Ingila kuwa labarin yana da sosa rai. James Martin da Valentine Baker abokai ne da suka kafa kamfanin ƙera jirage, sai Baker ya rasu a watan Satumban 1942 yana gwajin jirginsu. Bayan haka Martin ya karkata ga sha'anin ceton matuƙa. Ranar 24 ga Yulin 1946 wani ma'aikacinsa, Bernard Lynch, ya yarda aka cilla shi daga jirgin Meteor yana cikin tafiya, kuma a watan Mayun 1949 Jo Lancaster ya zama na farko da kujerar kamfanin ta ceta daga haɗari na gaske. Kamfanin Martin-Baker yana lissafin rayukan da kujerunsa suka ceta, kuma adadin ya haura 7,500.

Ba duk dabarun ne suka yi kyau ba. Jirgin F-104 na farko-farko ta ƙasa yake cilla matuƙi, saboda tsoron doguwar wutsiyarsa, kuma wannan ya zama ajalin matuƙin gwaji Iven Kincheloe a 1958 lokacin da jirginsa ya sami matsala jim kaɗan bayan tashi. Jirgin Vulcan na Ingila kuwa matuƙa biyu na gaba ne kawai ke da kujerar tsira, na baya sai su lallaɓa zuwa ƙofa. Da ɗayansu ya faɗi a filin jirgin Heathrow ranar 1 ga Oktoban 1956, biyu suka tsira, huɗu suka mutu.

Jami'in Kwana-kwana:
Ina neman izinin Baba da Malam in yi magana daga ɓangarenmu, mu da muke tsaye a gefen titin jirgi. Duk abin da aka lissafa a sama yana aiki ne idan matuƙi yana cikin hayyacinsa. Idan ya suma, ko hannunsa ya karye, ko hayaƙi ya rufe masa ido, to aikin ya dawo hannun na waje. Shi ya sa a gefen jirgin yaƙi za ka ga kibiya mai launin ɗorawa an rubuta kalmar ceto da Turanci, tana nuna wata 'yar ƙofa. A ciki akwai hannu mai haɗe da igiya, wanda mai ceto zai ɗauka ya ja da baya har igiyar ta miƙe, ya kawar da fuskarsa, sannan ya fizga, murfin ya tashi ko ya tarwatse. Akwai kuma jar alama mai kusurwa uku da ke gargaɗin cewa kujerar a ɗane take.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, kujerar da ke ceton matuƙi tana iya kashe mai ceto. Idan ka leƙa cikin mazaunin da jirginsa ya daki ƙasa, ƙarafuna sun lanƙwashe, ba ka san ko an ja hannun kujerar rabi ba, kuma ƙirjinka yana daidai hanyar da kujerar za ta bi. Don haka kafin ka taɓa mutum sai ka kashe kujerar, ka soka fil ɗin kariya a mazauninsa, sannan ka cire masa bututun iska, ka kwance maɗaurin kafaɗa da na ƙugu da igiyoyin ƙafa. Kowane jirgi da wurin nasa fil ɗin, kuma ba a koyon wannan a ranar haɗari. Wasu jiragen ma suna da ƙarin masifa: F-16 yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira haidirazin don injinsa na ko-ta-kwana, kuma wanda ya shaƙe shi ba tare da kariya ba ya shiga uku.

Na taɓa halartar wani atisaye inda aka sa mu fito da mutum-mutumi mai nauyin babban mutum daga mazaunin tsohon jirgi, muna sanye da cikakkun kayan wuta da safar hannu mai kauri. Ƙugiyar da na kwance da yatsa biyu da safe, da na sa safar nan ga zufa tana zuba mini a ido, sai da na yi ta lalube. Tun daga ranar na daina yarda da horon da ake yi a kan allo kawai.

Ɗan Kasuwa:
Malamai, na karanta duk bayananku kuma na ƙaru, amma ina da ja a wurare biyu, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Na farko, mu Musulmi mun san ajali ba ya jinkiri, wanda kwanansa ya ƙare ko kujera goma aka ba shi zai tafi. Na biyu, wanda ya fi damuna, idan matuƙi ya cilla kansa ya tsira, jirgin fa ina zai faɗa? A shekarar 2002, a wajen wasan jirage na Sknyliv a Yukiren, matuƙa biyu sun fita daga jirgin Su-27 sun rayu, jirgin ya afka cikin 'yan kallo ya kashe mutum 77, da yawansu yara. Shin wannan kujera ba ta sa matuƙi ya yi saurin barin amanar da aka ba shi?

Malamin Tarihi:
Alhaji, maganar ajali gaskiya ce babu mai musu, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tambayarka ta biyu kuwa an taɓa yin ta a manyan ofisoshi. A yaƙin duniya na ɗaya, sojin saman Ingila ba su ba matuƙan jiragensu lemar sauka ba, alhali Jamusawa sun fara ba nasu a 1918, kuma daga cikin dalilan da aka daɗe ana dangantawa da shugabannin lokacin har da tsoron kada matuƙa su dinga gudu suna barin jirage. Mutane da yawa sun ƙone a sama saboda rashin hanyar fita. A Sknyliv kuma ba kujera ce ta jawo musibar ba, jirgin ya riga ya kuɓuce har ya taɓa ƙasa, kuma kotu ta ɗaure matuƙan da wasu jami'ai saboda yadda aka tsara wasan da yadda aka yi shi a kusa da jama'a.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Alhaji, bari in ƙara maka da abin da na gani da idona a tsawon aikina. Matsalar matuƙa ba saurin fita ba ce, jinkirin fita ce. Matuƙi yana ƙaunar jirginsa, yana jin kunyar a ce ya zubar da dukiyar ƙasa, yana ganin saura kaɗan ya shawo kan matsalar, yana kuma ƙoƙarin karkatar da shi daga gidajen mutane. Ana cewa kujerar zamani tana aiki ko jirgi yana tsaye a ƙasa babu gudu babu tsawo, kuma gaskiya ne, amma mutane suna yi wa maganar gurguwar fahimta. Jirgin da ke tsaye daban, jirgin da ke zubowa ƙasa da gudu ko wanda ya kife daban. Idan jirgi yana nitsowa, kujerar tana fita ne da wannan nitson a jikinta, kuma daga jan hannu zuwa cikar lema ana buƙatar sakan biyu zuwa uku. Wanda ya ba kujera waɗannan sakanni ta cece shi, wanda ya cinye su yana kokawa da sitiyari ya hana ta aikinta.

Akwai waɗanda suka tsira da ƙyar, kuma hotunansu sun zagaya duniya. Anatoly Kvochur ya fita daga MiG-29 a bikin nunin jirage na Paris a watan Yunin 1989, yana dab da ƙasa, jirgin ya riga ya sunkuyar da kai, kujerar K-36 ta Rasha ta fitar da shi lemarsa ta buɗe da ƙyar. Kyaftin Chris Stricklin na Thunderbirds, tawagar wasan jirage ta sojin saman Amurka, ya fita daga F-16 a watan Satumban 2003 ƙasa da sakan ɗaya kafin jirgin ya daki ƙasa. Amma ban so matasa su ɗauki waɗannan a matsayin ma'auni, domin waɗanda suka makara da rabin sakan ba su dawo sun ba da labari ba.

Hajiya Likita:
Ina gaida Baba da sauran 'yan zaure. Ina so in ja hankali ga abin da jiki ke fuskanta, domin kalmar tsira tana ɓoye abubuwa da yawa. A lokacin da kujera ta tashi, nauyin da ke sauka a kan ƙashin baya ya ninka nauyin mutum sau goma sha biyu ko fiye, kuma tsofaffin kujeru masu aiki da harsashi zalla sun fi haka tsanani, domin duk ƙarfin a bugu ɗaya suke ba da shi. Abin da muka fi gani shi ne murƙushewar ƙasusuwan gadon baya, musamman idan mutum ya sunkuya ko cinyarsa ba ta manne da kujera ba. Shi ya sa ake koya musu su jingina kai, su miƙe baya, su matse gwiwar hannu kafin su ja, kuma kujerar da kanta tana janye maɗaurin kafaɗa ta kuma jawo ƙafafu don kada su bugi allon na'urori.

Bayan fita sai iska. Kyaftin Brian Udell ya fita daga F-15E a 1995 jirgin yana gudun da ya wuce na sauti, iska ta fizge masa hular kwano, ta goce masa gaɓoɓi, ya faɗa teku da dare ya hau ƙaramin kwalekwalen roba da hannu ɗaya, abokin tafiyarsa kuwa bai rayu ba. Idan kuma a can ƙololuwa aka fita, akwai sanyi da ƙarancin iska, don haka kujerar tana ɗauke da 'yar tukunyar oksijin, kuma wata na'ura mai auna nauyin iska ba ta barin babbar lema ta buɗe sai an sauko inda mutum zai iya numfashi. Har nauyin matuƙin kansa yana da tasiri. A 2015 sojin saman Amurka sun hana duk wanda bai kai kimanin kilo 62 ba tuƙa F-35, saboda gwaji ya nuna wuyan mai ƙaramin jiki yana cikin haɗari da nauyin hular, sai a 2017 aka ɗage hanin bayan an rage nauyin hular, an sa abin tallafe kai, an kuma ƙara makunnin da ke ɗan jinkirta buɗewar lema ga marasa nauyi. Wannan ya shafi mata matuƙa sosai, kuma a ganina duk rundunar da ke ɗaukar mata ya kamata ta sa ido a kai.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode, Hajiya. To idan jinkirin matuƙi ne babbar matsala kamar yadda Baba ya ce, me zai hana a bar wa kwamfuta hukuncin? Na karanta cewa jirgin Yak-38 na Tarayyar Sobiyat yana cilla matuƙi da kansa idan ya karkace fiye da kima a lokacin tashi ko sauka a tsaye, kuma F-35B ma yana da irin wannan tsari. A ganina na'ura ba ta jin kunya kuma ba ta ƙaunar jirgi.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Ɗana, a wannan yanayin kaɗai na yarda da kai. Jirgin da ke tsaye a sama a kan ƙarfin injina, idan ɗaya ya mutu, kifewa yake yi kafin ƙwaƙwalwar mutum ta gane abin da ya faru, don haka babu laifi na'ura ta yanke hukunci. Amma a sauran tafiya ban goyi baya ba. Na'ura da abin da aka gaya mata take aiki, kuma na sha canza na'urar auna gudu ko tsawo da ta yi ƙarya. Ka ɗauka ta cilla mutum daga lafiyayyen jirgi a saman Kano ko Kaduna, ka ga tsoron Alhaji ya tabbata. Na fi son na'urar da ke hana jirgin dukan ƙasa tun farko, irin wadda aka sa wa F-16 daga 2014, wadda ke karɓe tuƙi ta ɗago jirgin idan matuƙi ya suma.

Jami'in Kwana-kwana:
Kada mu manta da jirage masu saukar ungulu, domin su ne suka fi yawo a kanmu. Kusan dukkansu ba su da kujerar cillawa, saboda farfela tana juyawa a saman kai. Rasha ce ta yi Ka-50 da Ka-52, inda nakiya ke fara cire fikafikan farfelar sannan roka ta fizgo matuƙi. Sauran kuwa dabararsu ita ce kujera mai nitsewa ƙasa ta shanye bugu, da tankin mai da ba ya saurin fashewa, da ƙofofi da tagogin da ake tunkuɗewa su faɗi. Idan a ruwa aka faɗa, jirgin kifewa yake yi domin nauyin injinsa a sama yake, shi ya sa ake horar da ma'aikata a kwamin ruwa, a kife su a ɗaure, su koyi riƙe bakin taga da hannu ɗaya kafin su kwance bel, tare da 'yar kwalbar iska da ke ba su numfashi na ɗan lokaci.

Malamin Tarihi:
Tunda an zo gida, mu tuna cewa wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ranar 28 ga Satumban 2018, jirage biyu ƙirar F-7 na sojin saman Najeriya suka yi karo a Abuja suna atisayen bikin ranar 'yancin kai, matuƙa uku suka cilla kansu a wajen dutsen Katampe, biyu suka rayu, Sukwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu sakamakon raunukan da ya samu. Allah ya jiƙansa. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a yankin iyakar Zamfara da Kaduna, Filait Laftanar Abayomi Dairo ya fita da kujera, ya ɓuya har rana ta faɗi, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya cikin duhu har ya isa wurin sojojin ƙasa. A watan Yulin 2023 kuma matuƙa biyu suka tsira daga jirgin horo a Makurɗi. Labarin Dairo yana nuna cewa saukowa ƙasa rabin tsira ne, kuma shi ya sa ake cusa jakar guzuri a ƙarƙashin kujera, da ruwa da magani da rediyo da na'urar da ke sanar da masu nema inda mutum yake.

Ɗan Kasuwa:
Na karɓi hujjojinku, Malam, musamman da aka kawo na gida. Amma sai wata damuwar ta taso mini. Mu da muke sayen injina mun san saye ba shi ne wahala ba, riƙo shi ne wahala. Abin da ke zaune shekara da shekaru ba a taɓa gwada shi ba, ta yaya ake sanin zai tashi ranar da aka neme shi?

Tsohon Makaniken Jirgi:
Alhaji, yanzu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ba a iya gwada kujera kamar yadda ake tayar da inji a ji ƙararsa, domin harsashin da aka gwada ya ƙare ke nan. Abin da muke da shi shi ne littafi da kalanda da amana. Kowane harsashi da kowace roka da kowace igiyar nakiya suna da lambar rukuni da ranar da aka ƙera su da ranar da aka ɗaura su, kuma idan wa'adinsu ya cika a cire su ko da suna ƙyalli kamar sababbi. Zafin ranarmu a ƙarƙashin murfin gilashi ba ya yi wa albarushi da roba da zaren lema daɗi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Lema ana warware ta a kan dogon tebur, a duba ta ɗinki bayan ɗinki, a sake naɗe ta, wanda ya naɗe ya sa hannu, wani dabam ya duba ya sa nasa.

Ko a ƙasashen da suka ƙera kayan ana samun kuskure. A watan Nuwamban 2011, Filait Laftanar Sean Cunningham na Red Arrows, tawagar wasan jirage ta sojin saman Ingila, yana zaune a jirgin Hawk a ƙasa, a sansanin Scampton na Ingila, kujerarsa ta tashi ba da nufinsa ba. Ya kamata ya rayu, domin kujerar an yi ta don irin wannan, amma babbar lemar ba ta buɗe ba saboda wani noti guda da aka ɗaure fiye da kima ya hana wata maɗaura sakewa. Kamfanin Martin-Baker ya amsa laifin saɓa dokar kariya, kotu ta ci shi tarar fam miliyan 1.1 a 2018. A watan Yunin 2020 kuma Laftanar David Schmitz ya rasu a sansanin Shaw na Amurka bayan ya fita daga F-16, domin na'urar da ke tsara matakan buɗe lema ba ta yi aikinta ba. A 2022 an dakatar da jirage da dama na ɗan lokaci a ƙasashe daban-daban don a binciki wani rukunin harsasan kujera da aka samu da tangarɗa.

Ni kaina na taɓa tsayar da jirgi saboda lambar da ke jikin harsashi ba ta yi daidai da ta littafi ba. Wani babba ya yi mini faɗa a gaban yarana, ya ce harafi ɗaya ne kawai, ana jiran jirgin. Na ce masa, ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba sai na ga takardar asali. Sai da aka kwana biyu aka gano ta, kuma har yau ban yi nadamar kwanakin nan ba.

Ɗalibin Injiniya:
Baba, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: a cikin duk waɗannan kaya, wanne kuke fara koya wa sabon yaro idan ya zo wurinku?

Tsohon Makaniken Jirgi:
Fil ɗin kariya, ɗana, mai jan ƙyalle a jiki. Kafin yaro ya taɓa sufana, sai ya iya nuna mini ramin kowane fil a kujerar idonsa a rufe, ya kuma san cewa fil yana iya shiga rami alhali hannun kujera bai zauna daidai ba, kamar yadda binciken Scampton ya nuna, don haka ba a wadatuwa da ganin jan ƙyalle, sai an duba hannun kansa. Idan matuƙi ya zauna an ɗaure shi, ana zare filolin a ɗaga masa su ya ƙirga da idonsa, sannan a soke su a ma'ajinsu inda zai iya gani. Idan ya dawo, ba ya ɗaga ƙafa daga mazaunin sai an mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ni da shi muna ƙirgawa da baki.